Lambar Da Ta Shigo Wayata

Shafi na 14

Masu turo min saƙo tun da sassafe kuna cewa na cika jan rai, na ji ku. Ku bar ni in ja numfashi mana. Wannan shafin sau uku ina fara rubuta shi ina gogewa.

Ga waɗanda yau suka faɗo cikinmu: ni ce mai kula da tsaron kwamfutoci a wani kamfanin manyan motocin fasinja. Babana shi ne shugaban makanikai a garejin kamfanin, kowa Shugaba yake ce masa, shekararsa ashirin da shida a wurin. Wata takwas ke nan wani shafi mai suna Madubin Baya yana tona mana asiri a intanet: motar da ta fita da birki mai yoyo, tayar da ta suɗe, takardar da aka sa wa hannu cewa an duba mota alhali ko murfin injinta ba a ɗaga ba. Kuma hannun da ke kan takardun nan na Babana ne. Zagin da ya sha a wajen mutane shi ya tayar masa da hawan jini har likita ya ba shi hutun sati biyu. Ba wanda ya san mai shafin, ni kuwa na rantse sai na gano shi.

To, mu koma ɗakin taro.

*

Ƙarfe sha ɗaya na safe, mu uku ne a ɗakin. Ni, da Manaja, da wani ƙwararre da kamfani ya ɗauko daga waje, wanda muke kira Mai Tabarau saboda wasu gilasai masu kauri da yake sawa.

"Injiniya, matso nan kusa," in ji Manaja. "Yau ranarki ce."

Haka kowa yake kirana a ofis, duk da ko sifana ban iya riƙewa ba.

Mai Tabarau ya haɗa kwamfutarsa da babban allon bango. Shafin ya fito, da hoton madubin mota a inda ya kamata fuskar mutum ta kasance.

"Mutumin nan ya iya ɓad da sawu," ya ce. "Hotunansa a wanke suke tas, ba kwanan wata, ba alamar inda aka ɗauka. Rubutunsa na gwada shi da na ma'aikata ɗari uku, bai yi kama da na kowa ba. Ko waƙafi ba ya ɓacewa."

"Ba yabonsa na kawo ka ka yi ba," in ji Manaja. "Me ya rage?"

"Ƙofar baya, yallaɓai. Kowane shafi akwai lambar wayar da aka ajiye saboda ranar mantuwa. Zan ce na manta kalmar sirri, su kuma za su nuna min lambobi biyu na ƙarshe. Sai mu gwada su da jerin lambobin ma'aikata."

Na gyara zama.

"Yallaɓai, wannan fa ya wuce huruminmu. Shafin ba namu ba ne."

Manaja ya juyo ya dube ni da murmushi.

"Ba ke ce kika ce duk wanda ya san yana da gaskiya ya fito da fuskarsa ba?"

Na faɗa, ba zan musa ba. Kuma da dalilina. Wata biyu kafin nan wani ɗan damfara ya buɗe shafi iri ɗaya, suna ɗaya, hoto ɗaya, ya riƙa bin ma'aikatanmu yana cewa su latsa nan su ga sabon rahoto. Mutum goma sha tara aka ƙwace wa shafukansu. Wata dattijuwa mai sayar da tikiti a gabana ta yi kuka, an kwashe hotunan 'ya'yanta mata ana yi mata barazana da su. Ta yaya za ta gane na gaske da na bogi, tunda duk ba su da fuska? Tun ranar na tsani duk wani mai magana a bayan labule.

Saboda haka na ƙyale su suka ci gaba.

Mai Tabarau ya latsa.

Allon ya ɗan juya, sannan rubutu ya fito: za a aika da lambar sirri zuwa wayar da ta ƙare da huɗu da bakwai.

"Huɗu da bakwai," in ji shi, yana rubutawa a takarda. "Bari in sa su aika, ko banza hankalinsa ya tashi."

Ya sake latsawa.

Dirrr.

Wayata ce. Tana kan tebur, a tsakiyarmu, fuskarta a sama.

Dirrr.

Allonta ya kawo haske, ga saƙo ya faɗo. Ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kawai nake ji, amma gumi ne yake bin bayana.

Mai Tabarau ya cire gilasansa, ya goge, ya mayar.

"Injiniya," ya ce a hankali, "lambarki da me ta ƙare?"

Na ƙura wa wayar ido.

"Da huɗu da bakwai ta ƙare," Manaja ya amsa masa. "Kullum sai na kira ta."

"Wallahi ba ni ba ce."

"Ban ce ke ce ba."

"Yallaɓai, wallahi tallahi ba ni ba ce! Ni da nake kwana ina tashi da neman mutumin nan? Ni da aka zagi ubana?"

"Na ce miki ban ce ke ce ba. Abin ai mai sauƙi ne. Karanto mana lambar sirrin da ta shigo."

Na ɗauki wayar. Lambobi shida ne, a ƙasansu an rubuta cewa za su daina aiki bayan minti goma.

A cikin minti goman nan ne kaina ya fara aiki, kuma da ma bai yi ba. Duk wanda ya taɓa zama mai ilimin kwamfuta a gidansu ya san wannan aikin. Kowa ya sayi sabuwar waya, kai za a kawo wa. Buɗe min wannan, saka min wancan. Kuma da yake ka san gobe za su manta kalmar sirri su zo suna yi maka kuka, sai ka sa lambarka a wurin ajiya don ka huta. Na yi wa Baba. Na yi wa Umma. Na yi wa gwaggona da ƙannena biyu da matar yayana.

Ashe ɓarawon da nake nema da hannuna na gina masa ɗaki, kuma a gidanmu yake.

"Injiniya, lokaci yana tafiya."

"Idan kuka shiga, me za ku gani?" na tambayi Mai Tabarau, duk da na san amsar.

"Komai. Akwatin saƙo gaba ɗaya. Duk direba, duk kwandasta, duk makaniken da ya taɓa turo masa hoto ko murya."

Manaja ya jingina da kujera.

"Su nake so ma," ya ce. "Shi mai shafin ai baki ne kawai. Kunnuwan nake nema."

Na dubi fuskarsa. Shekara huɗu ina aiki a ƙarƙashinsa, ranar na fara ganinsa da kyau.

Na kife wayar a cinyata.

"Ba zan karanta ba, yallaɓai."

"Me kika ce?"

"A ba ni zuwa gobe. Ina so in fahimci yadda lambata ta shiga wurin nan."

"Kin san abin da ƙin nan naki yake nufi?"

"Na sani."

Na zaci zai daki tebur. Na zaci zai kira masu gadi su ƙwace wayar. Sai ya dubi agogo, ya dubi Mai Tabarau, ya yi wata 'yar dariya.

"Ba komai. Je ki gida ki huta, Injiniya. Ki gaida min Shugaba da jiki."

Ni kuwa sakarya, na fito ina ganin na yi nasara.

*

Cunkoson hanya ya cinye min sa'a guda. Ƙarfe ɗaya saura na tura ƙofar gidan iyayena ko sallamar kirki ban yi ba.

Baba yana falo a doguwar kujera, ƙafafunsa a kan matashi, kwalbar maganinsa a gefe. Umma tana tsaye a bakin taga tana goge masa rigunan aiki, waɗanda ba zai sa ba sai nan da sati guda, amma ita ba ta iya zama hannu sake.

"A'a, Uwata!" in ji Baba. Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa min. "Lafiya da tsakar rana?"

"Baba, ba ni wayarka."

"Ko gaisuwa babu?"

"Don Allah, Baba, ba ni."

Ya miƙo min yana kallona. Na buɗe shafinsa. Sunansa ne, hotonsa ne da hula, abu na ƙarshe da ya saka gaisuwar sunan jikansa ce ta bara.

"Baba, kai ne Madubin Baya?"

"Ni ne wa?"

"Lambar da aka ajiye a shafin tawa ce. Yau a gaban Manaja saƙon ya shigo wayata. Cikin mutum shida da na buɗe wa shafi a gidan nan, kai kaɗai kake aiki a kamfanin. Baba, ka faɗa min gaskiya."

Ya tashi zaune da ƙyar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Uwata, kin ga na yi kama da mai wannan rubutun? Ni da saƙo ɗaya yake ɗaukata rabin sa'a, da waɗannan yatsun?"

Ya ɗaga min hannayensa, masu kaushi da tabon baƙin mai.

"To wane ne? Wane ne zai zauna ya tozarta ka, kuma ya ci abinci a gidan nan?"

"Ajiye masa wayarsa."

Umma ce. Ko juyowa ba ta yi ba, tana bin wuyan riga da dutsen guga.

"Umma, don Allah ki bari, magana ce babba."

"Sha ɗaya da minti ashirin ne, ko?" ta ce. "Ni ma sun turo min cewa wani yana taɓa ƙofa."

Na juya na dube ta.

Ta jingine dutsen gugar, ta kashe wuta, ta ninke rigar ta ɗora a kan 'yan'uwanta. Sannan ta sa hannu a aljihun doguwar rigarta ta ciro wayarta, wadda ni na saya mata shekara uku da suka wuce. Ta latsa sau biyu, ta miƙo min.

Madubin mota.

Mabiya dubu arba'in da ɗaya. Shafin da na buɗe mata ne, ta canza masa suna da hoto.

"Umma."

"Na'am."

"Umma, ke?"

"Ni."

"Ke da ko ƙara sautin waya ba ki iya ba? Ke da kike kirana duk sati ki ce hotunanki sun ɓace?"

"Da ban ce sun ɓace ba, yaushe za ki zo ki gan mu?"

Wallahi da a wata rana ce da na yi dariya.

Baba ya buɗe baki ya kasa rufewa. Yana dubanta kamar yau aka kawo masa ita.

"Hajiya," ya ce da ƙyar, "ke ce kike… duk wannan…"

"Ni ce, Malam. Ka yi haƙuri."

"Ta yaya?" na ce. "Mai Tabarau ya ce rubutun ƙwararre ne. Ya ce ko waƙafi ba ya ɓacewa."

Ta harare ni.

"Shekara ashirin da biyu ina buga tafireta a ofishin lauyoyi kafin in ajiye aiki. Ku kun ɗauka wasa nake zuwa yi. Na buga wasiyya, na buga takardar saki, na buga maganar da in ta fita gida zai rushe, ba wanda ya taɓa jin ko ɗaya a bakina. Mutum zai zo da magana a hargitse, in mayar masa da ita a tsare. Shi nake yi yanzu. Duk abin da aka turo min sai na sake rubuta shi da bakina, don kada a gane salon mai shi."

Na zauna a hannun kujera.

"Me ya sa, Umma?"

"Kin tuna mota mai lamba tara?"

Na tuna. Bara ta ƙwace a gangare, mutum huɗu suka rasu har da direban, maƙwabcinmu ne na bayan layi. Rahoton kamfani ya ce gudu yake yi.

"Matarsa ta zo nan bayan an share makoki," in ji Umma. "A wannan kujerar ta zauna. Ta nuna min saƙon da ya tura wa ofis kwana uku kafin hatsarin, yana cewa birki yana ja. Ta ce ta je da shi an kore ta. Abokinsa ya miƙe a taron direbobi, da fuskarsa da sunansa, ya faɗi gaskiya. Ina yake yanzu?"

Ni na rufe masa akwatin saƙonsa na ofis ranar da aka sallame shi.

"Kin ji ko? Shi ya fito da fuskarsa."

"Umma, amma kin san saboda ba ki da fuska wani ya saka rigarki ya cuci mutane? Kin san abin da aka yi wa mai sayar da tikiti?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na sani. Ranar ban ci abinci ba. Na yi ta rubuta gargaɗi, amma ta ina mutane za su san ni ce ta gasken? Wannan kam ba ni da amsarsa."

"To kin gani."

"Na gani. Amma kada ki ɗauka kowa ya kawo magana nake sakawa. Ni ma ina tantancewa, ba ku kaɗai kuka iya ba. Sai mutum ya faɗa min lambar mota, da rana, da wanda yake bakin aiki. Sannan in jira wani dabam, wanda bai san na farkon ba, ya kawo min irinta. In ba su zama biyu ba, ba ta fita. Ni na san su waye. Duniya ce ba ta sani ba."

"Su nawa ne?"

"Sittin da ɗaya."

Na runtse ido.

"Amma dai kina goge saƙonninsu bayan kin sake rubutawa."

Ta kau da kai.

"Umma. Kina gogewa."

"Ba a jefar da asali."

"Me?"

"Ba a jefar da asali, ke yarinya! Abu na farko da aka koya mana ke nan a wurin aiki. Ki buga kwafi, ki ajiye asali a fayil. Gobe in aka ce ƙarya ce, me za ki nuna?"

Na karɓi wayar na buɗe akwatin saƙo. Suna nan reras. Ta ma jera su, kowa da alamarsa, kamar yadda take jera kwanuka a kabad. Hotuna, bidiyo, muryoyi. Wasu da sunan bogi, wasu kuwa bayin Allah da sunayensu na yanka da hoton 'ya'yansu a goshin shafi. Na ga direbobin da nake gaisawa da su kullum. Na ga mai sharar gareji. Na ga ita kanta mai sayar da tikitin.

Mutum sittin da ɗaya, da iyalansu, a bayan lambobi shida.

Na mayar wa Umma wayarta, na nuna mata Baba, raina a ɓace.

"Kuma duk da haka ba ki tausaya masa ba? Takardun da ke da sa hannunsa kika watsa wa duniya. Kin ga yadda ya rame? Kin ga irin zagin da aka yi masa? Mijinki ne fa, Umma!"

Ta dubi Baba. Shi kuma ya dubi ƙasa.

"Malam," ta ce, "kai za ka faɗa mata, ko ni?"

"Faɗa min me?"

Baba ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Sannan ya sunkuya ya sa hannu a ƙarƙashin katifar kujerar da yake kai, ya zaro wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, wadda ban taɓa gani ba.

"Ni na tura takardun," ya ce.

"Baba?"

"Ni na ɗauki hotonsu. Ana kawo min su guda talatin a ɗaure, a ce in sa hannu motoci za su fita ƙarfe shida. In na ce sai na duba, a ce akwai yara masu jini a jika da ke jiran kujerata. Tun ranar mota ta tara ban yi barcin kirki ba, Uwata. Ni na sa hannu a takardarta. Na ce gara a zage ni a kan in sake wanke gawa."

Muryarsa ta karye. Ban taɓa ganin hawayen Babana ba sai ranar, kuma abin ya yi min ciwo fiye da duk abin da ya faru a ɗakin taro.

"Amma ban san ita nake tura wa ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Na zaci wani ɗan jarida ne. Har ranka ya daɗe nake ce mata."

"Kana cewa," in ji Umma. "Ina kicin ina saurare."

"Saurare?" Na miƙe tsaye. "Baba, da murya kake turawa?"

"To da me zan tura? Na ce miki rubutu wahala yake ba ni. Amma ban sa sunana ba. Ko hoto ban sa ba."

"Baba, muryarka fa? Waye a kamfanin nan bai san muryarka ba?"

Ya yi tsuru yana kallona. Sai yanzu abin ya faɗo masa.

"Wata shida kina ji?" ya ce wa Umma. "Kina kawo min shayi kina kallona, ba ki ce komai ba?"

"Ka ɓoye sunanka, Malam. Ba ni zan cire maka mayafi ba. Haka na yi wa sauran sittin ɗin."

Na tsaya a tsakiyar falon ina kallonsu, tsofaffi biyu da suka kwana a ɗaki ɗaya wata shida kowa yana rufa wa ɗaya asiri. Ni kuma 'yarsu ina ofis ina haƙa musu rami da albarkar ilimin da suka ba ni. Kunya ta kama ni, ga tsoro, ga wata irin ƙauna.

"Shi ke nan," na ce. "Umma, kawo wayar. Za mu goge komai yanzu."

Ta riƙe gam.

"In kika goge, matar nan ba ta da hujja. Lauyan da zai karɓi ƙararta jibi zai zo."

"In ban goge ba, mutum sittin da ɗaya ba su da aiki. Wataƙila ma abin ya wuce aiki."

"Ki nemo wata hanya. Ba ke ce Injiniya ba?"

Na ja dogon numfashi.

"To. Za mu fara cire lambata mu sa wata da ba wanda ya sani. Daga nan in kwashe komai in sa a wani wuri, sannan mu goge na cikin shafin. Minti ashirin ya isa."

Sai a lokacin ta sakar min.

Na shiga wurin canza lamba. Sau biyu ina kuskure. Rubutu ya fito: don tabbatar da cewa ke ce mai shafin, za a aika da lambar sirri zuwa tsohuwar wayar.

Na latsa. Na ciro wayata na riƙe a ɗaya hannun.

Muka jira.

"Ta shigo?" in ji Baba.

"Tukuna."

Minti ɗaya. Fanka tana juyawa a sama.

"Wani lokaci tana ɗan jinkiri," na ce, ban san ko su nake lallashi ko kaina ba.

Na sake latsawa. Minti biyu.

Na dubi saman allon wayata. Layi biyu gare ni. Na farko sabis a cike. Na biyu kuwa, mai huɗu da bakwai, ba ko sanda ɗaya. An rubuta: babu layi.

Na kashe wayar na kunna.

Babu layi.

Na cire sim ɗin, na goge shi a gefen mayafina, na mayar.

Babu layi.

"Uwata, mene ne? Fuskarki ta canza."

"Layin ofis ne," na ce, muryata ba ta fita sosai. "Baba, layin ofis na sa mata."

"To sai me?"

"Ba nawa ba ne. Da sunan kamfani aka yi masa rajista. Duk layukan ma'aikata haka suke, ni da kaina na tsara hakan don a san wa ke riƙe da wanne. Manaja ba ya bukatar in karanta masa komai. Takarda ɗaya zai rubuta ya ce sim ya ɓace, a ba shi sabo."

Je ki gida ki huta, Injiniya. Ashe hanya ya ba ni in kauce masa.

"Kuma yanzu da na latsa," na ce, "lambar wurinsa ta tafi."

Umma ta dafe ƙirji.

"Goge!" ta ce. "Goge, 'yar nan, goge duka!"

Na koma akwatin saƙo da gudu. Na zaɓi na farko, na goge. Na biyu, na goge. Na uku. Ina neman na Baba, idona ya cika da ruwa ba na ganin rubutu sosai. Na huɗu. Na biyar.

Allon ya yi fari fat.

Sai layi ɗaya ya fito a tsakiya: an canza kalmar sirrin wannan shafin, an fitar da ke.

"Nawa kika goge?" in ji Umma.

"Biyar."

"Na Malam yana ciki?"

Na girgiza kai. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, wataƙila minti uku, wataƙila goma. Wata mota ta wuce a titi tana hon.

Sai tsohuwar wayar nan mai tsagaggen gilashi ta yi ƙara a cinyar Baba.

Ya ɗaga ta, ya nisanta ta da idonsa, ya kasa karantawa. Ya miƙo min.

Saƙo ne daga Madubin Baya.

"Wannan muryar ai na san ta. Sannu da jiki, Shugaba."